Sa'a da Zahiri a Gem ɗin Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka

Na shafe kusan wata biyu ina gina wata ƙungiya a cikin wani gem na ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka. Ba irin gem ɗin da ake riƙe ɗan wasa da yatsa a ruga da shi ba ne. A nan kai koci ne kawai: ka nemo yara daga makarantun sakandare, ka tsara atisaye, ka zaɓi biyar ɗin da za su fara, sannan ka danna maɓalli kwamfuta ta buga wasan ta miƙo maka sakamako. Ƙungiyata ta yi kaka mai kyau, aka ba ta babban matsayi a gasar ƙarshen shekara. A wasan farko wata ƙaramar makaranta ta yi waje da mu. Da na duba alƙaluman wasan sai na ga mun fi su cafe ƙwallo, mun fi su riƙe ta, amma jifanmu na nesa ya ƙi shiga, nasu kuwa kamar an buɗe musu bakin rijiya. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne abin da ake ji a kowane shagon gem idan aka lallasa mutum: kwamfuta ta yi maguɗi.

Da zuciya ta huce sai na tambayi kaina, to me nake so gem ɗin ya yi? Ina so ya yi kama da abin da ke faruwa a fili. Kuma ina so wanda ya fi ƙarfi ya ci. Na daɗe ina ɗaukar waɗannan buƙatu biyu a matsayin abu ɗaya. Ba ɗaya ba ne, kuma daga nan gardamar da ke tsakanin masu buga irin waɗannan gema-gemai da masu ƙera su ta samo asali.

Irin wannan gem yana da masoya sosai a Amurka, kuma akwai dalili. Manyan kamfanoni sun daɗe da janyewa daga fagen. College Hoops 2K8 ya fito a 2007, NCAA Basketball 10 na kamfanin EA ya fito a ƙarshen 2009, daga nan aka yi shekaru shiru. Cikin abubuwan da suka jawo haka har da ƙarar da Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan jami'ar UCLA, ya shigar a 2009, yana ƙalubalantar yadda ake amfani da kamannin 'yan wasan jami'a a gem ba tare da an biya su ba. Giɓin da aka bari sai ƙananan gema-gemai na rubutu da lissafi suka cike shi, irin su Hoops Dynasty na WhatIfSports, inda mutane da yawa ke fafatawa ta intanet kowa da jami'arsa, da kuma Draft Day Sports: College Basketball na Wolverine Studios. Babu hoto mai ɗaukar ido a cikinsu. Abin da suke sayarwa kawai shi ne alƙawarin cewa lissafinsu ya yi daidai da ƙwallon gaske. Shi ya sa duk wani sakamakon ba-zata yake zama tuhuma a kan ainihin hajar.

Nawa ne rabon sa'a a fili?

Wasan maza na jami'a minti 40 ne, rabi biyu na minti 20, ba 48 ba kamar na NBA, gasar ƙwararru ta Amurka. A cikin waɗannan mintuna kowace ƙungiya kan samu hari kusan 68 zuwa 70, wato sau nawa ƙwallo ke zuwa hannunta ta nemi ci. Iyakar damarka ke nan ta nuna ka fi abokin karawarka. Idan ka fi shi da gaske, fifikon naka a kowane hari ɗan kaɗan ne, sai an tara shi sau da yawa kafin ya fito fili. Hari 70 bai isa ya wanke sa'a daga sakamako ba.

Ɗauki jifan nesa mai maki uku, wanda aka shigo da shi wasan jami'a a kakar 1986 zuwa 1987. Matsakaiciyar ƙungiya kan ci kusan kashi 34 ko 35 cikin 100 na irin wannan jifa. A ce ƙungiyarka tana cin kashi 35, ta yi jifa 22 a wasa. Abin da ake sa ran ta ci bakwai ne ko takwas. Amma ko da babu gajiya, babu tsoro, babu ƙwararren mai tsaro, lissafi tsagwaronsa ya nuna cewa cin biyar ko cin goma abu ne na yau da kullum. Tsakanin biyar da goma akwai maki 15. Cin huɗu ko ƙasa da haka kuma zai faru kusan sau ɗaya a cikin wasa 14, wato sau biyu a kakar da ke da wasa 30. Babu wanda ya yi laifi a waɗannan ranaku biyu. Hannun da ya jefa jiya shi ya jefa yau.

Ga kuma dokokin da suka bambanta wasan jami'a da na NBA, waɗanda ke ƙara wa sa'a gurbi. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, ba shida ba. Saboda haka idan gwarzonka ya yi laifi biyu a mintunan farko, yawancin koci-koci kan zaunar da shi a benci har hutun rabin lokaci. Busa biyu na alƙalin wasa sun isa su raba ka da wanda ka gina komai a kansa na tsawon kwata na wasan ko fiye. Sannan idan laifukan ƙungiya suka kai bakwai a rabi ɗaya, wanda aka yi wa laifi zai yi jifan kyauta ɗaya, sai ya ci sannan a ba shi na biyu. Ɗan wasan da ke cin kashi 70 na jifan kyauta zai tashi da maki biyu kusan rabin lokaci, amma sau uku cikin goma zai tashi hannu rabbana, ƙwallo kuma galibi ta koma wa abokan hamayya. A minti biyun ƙarshe na wasan da ya yi zafi, wannan doka kaɗai ta sha juya sakamako.

Masu ƙididdigar wannan wasa, irin su Ken Pomeroy wanda koci-koci da 'yan jarida suka daɗe suna dogaro da alƙalumansa, sun san cewa hasashe mafi kyau ma yakan kauce wa sakamako da kimanin maki 11 sama ko ƙasa. A wasa biyu cikin uku kuskuren bai wuce haka ba, a ɗaya cikin uku ya zarce. Ma'anarsa, ƙungiyar da ta fi abokiyar karawarta da maki goma cif za ta sha kashi kusan sau ɗaya cikin biyar ko shida. Wadda ta fi da maki biyar za ta faɗi sau ɗaya cikin uku. Wannan ba aibin ƙididdiga ba ne, halin wasan ne.

Gasar da aka gina a kan sili-ɗaya-ƙwale

A NBA sai ka ci wasa huɗu cikin bakwai kafin ka fitar da ƙungiya. Wanda ke da damar kashi 70 a kowane wasa, damarsa ta tsallake irin wannan zagaye ta haura kashi 87. A gasar jami'o'i ta watan Maris, wadda ake yi wa laƙabi da March Madness, babu gobe. Cikin jami'o'i sama da 350 da ke rukunin farko, a 2011 aka fara ɗaukar 68, a tace su su koma 64, a raba gida huɗu, kowane gida a jera ƙungiyoyinsa daga lamba 1, mafi ƙarfi, zuwa 16. Wanda zai ɗaga kofi sai ya ci wasa shida a jere. Ko da yana da damar kashi 80 a kowane ɗaya, wanda ba ƙaramin fifiko ba ne, damarsa ta cinye shidan kashi 26 ce kawai. Sau uku cikin huɗu, ƙungiyar da ta fi kowa za ta koma gida babu kofi.

Tarihi ya gaskata lissafin. Tun 1976, lokacin da Indiana ta ci wasa 32 ba tare da faɗuwa ba, babu ƙungiyar maza da ta sake kammala kaka da kofi ba a doke ta ba. Kentucky ta 2015 ta ci 38 a jere, Wisconsin ta tsayar da ita a wasan kusa da na ƙarshe. Gonzaga ta 2021 ta isa wasan ƙarshe da nasara 31, Baylor ta doke ta 86 da 70. Tun da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiya 64 a 1985 har zuwa 2025, sau biyu kacal masu lamba ɗaya su huɗun suka haɗu a zagayen kusa da na ƙarshe: 2008 da 2025.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne wasan ƙarshe na 1983, domin ɗan Najeriya na tsakiyarsa. Hakeem Olajuwon, yaro daga Legas, shi ne ginshiƙin Houston, ƙungiyar da ta zo da nasara 26 a jere. Abokiyar karawarsu North Carolina State ta riga ta sha kashi sau goma a kakar. Clyde Drexler na Houston ya tara laifi huɗu tun kafin hutun rabin lokaci, Houston ta ɓarar da jifan kyauta a ƙarshe, sannan a daƙiƙun ƙarshe Dereck Whittenburg na North Carolina State ya yi wani jifa daga nesa wanda ko bakin kwando bai kai ba. Abokin wasansa Lorenzo Charles na tsaye a ƙasa, ya cafe ta a iska ya dunƙula ta ciki. Aka tashi 54 da 52. Olajuwon ne aka zaɓa gwarzon gasar duk da ƙungiyarsa ta faɗi. Da gem ne ya rubuta wannan labari, da masu bugawa sun ce a gyara injin.

Amma sa'ar tana da iyaka, kuma iyakar ita ce ma'aunin da ya kamata a riƙa auna gem da shi. Daga 1985 zuwa 2025 mai lamba 16 ya haɗu da mai lamba 1 sau 160, ya ci biyu. Mai lamba 15 ya doke mai lamba 2 sau 11 a cikin 160. Mai lamba 12 kuwa yana doke mai lamba 5 kusan sau ɗaya cikin uku. Ba-zata ba ta sauka ko'ina daidai wa daida. Tana da tsani, kuma kowane mataki da tsayinsa.

Nasarori biyun nan na masu lamba 16 sun cancanci a tsaya a kansu. A Maris 2018 Virginia ta shigo gasar a matsayin ta ɗaya a ƙasar baki ɗaya, ta faɗi sau biyu kawai a kakar. UMBC, wata jami'a daga jihar Maryland, ta doke ta 74 da 54, bayan an tafi hutu 21 da 21. Virginia ta yi jifan nesa 22 ta ci huɗu, UMBC ta yi 24 ta ci 12. Kafin wannan dare masu lamba ɗaya sun ci wasa 135 a jere a kan masu lamba 16. A 2023 kuma Fairleigh Dickinson, ƙungiyar da ta fi kowace gajarta a rukunin farko, ta doke Purdue mai Zach Edey, dogon da ya kai mita 2.24. Purdue ta yi jifan nesa 26 ta ci biyar, aka tashi 63 da 58. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, amma ka lura da hanyar da hakin ya bi: duka biyun ta jifan nesa ne.

Yadda injin ke jefa ƙwayar ludo

Tun kafin kwamfuta ake wannan sana'a. Hal Richman ya fara sayar da Strat-O-Matic a 1961, wasan besbol na kati da ƙwayar ludo, daga baya aka yi na ƙwallon kwando. Kowane ɗan wasa da katinsa, an jera abin da zai iya faruwa gwargwadon alƙalumansa na gaske, ƙwayar ludo ce ke zaɓar layin da za a karanta. Injin gem na yau bai bar wannan tsari ba, sai dai ƙwayoyin sun yi yawa kuma ba a ganinsu. A kowane hari injin yana tambaya: an ƙwace ƙwallon ko an ɓarar da ita? In ba haka ba, wa zai jefa, daga ina, wa ke tsaronsa? Ta shiga? An yi laifi? In ba ta shiga ba, wa ya cafe? Kowace tambaya da kasonta, wanda aka haɗa daga makin ɗan wasa, da na mai tsaronsa, da gajiya, da tsarin koci, da ko a gida ake ko a waje. Sai injin ya zaro lamba ya gwada ta da kason.

Dean Oliver, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa harsashin ƙididdigar ƙwallon kwando, ya raba abin da ke kawo nasara gida huɗu: ingancin jifa kashi 40, riƙe ƙwallo kashi 25, cafe wadda ta dawo daga kwando kashi 20, jifan kyauta kashi 15. Abin lura shi ne, kaso mafi girma shi ne kuma wanda ya fi hawa da sauka daga dare zuwa dare. Tsawo da ƙarfin cafe ƙwallo ba sa ɓacewa a wasa ɗaya. Jifa kuwa yakan ɓace. Pomeroy ya daɗe yana nuna cewa masu tsaro suna da iko sosai a kan yawan jifan nesa da za a yi musu, amma ikonsu a kan ko zai shiga kaɗan ne. Don haka kocin gem da ya ga an ci shi da jifan nesa 12 ya ce ai tsarona mai ƙarfi ne, bai kamata ba, yana neman abin da ƙwallon gaske ma ba ta ba kowa.

Inda masu ƙorafi ke da gaskiya

Ba na cikin masu cewa duk wanda ya yi kuka bai iya lissafi ba ne. Akwai gem da sa'arsa ta wuce gona da iri, kuma ana iya nuna inda matsalar take.

Idan injin yana jefa ƙwaya a kan kowane jifa, to ya riga ya samar da mafi yawan hawa da saukar da ake gani a fili. Ba ya buƙatar ƙari. Amma mai ƙera gem yakan so ya sa abin da 'yan kallo ke ji a jikinsu, sai ya ƙara wata ƙwaya a ɓoye kafin a fara wasa, wadda za ta ce yau wane ya tashi da ƙafar dama, wane da ta hagu. Ya ƙara wata ta zafin hannu, wanda ya ci biyu a jere a ɗaga masa kaso. Ya ƙara wata ta guguwar wasa, ƙungiyar da ta ci maki takwas a jere a ƙara mata ƙarfi. Kowace ɗaya a karan kanta tana da hujja. Idan aka ɗora su a kan juna, an zuba gishiri sau huɗu a miya ɗaya. Daga nan ne ake samun ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya, yau wannan ta ci da 35, jibi waccan ta rama da 30.

Maganar zafin hannu ma ba a bar ta haka ba. A 1985 Thomas Gilovich da Robert Vallone da Amos Tversky suka bincika alƙaluman 'yan wasan Philadelphia da Boston da na jami'ar Cornell, suka ce zafin hannu ruɗin ido ne. Shekaru talatin bayan nan Joshua Miller da Adam Sanjurjo suka gano kuskure a hanyar lissafin, suka nuna cewa abin yana nan. Yana nan, amma bai kai girman da ɗan kallo ke zato ba. Gem ɗin da ya mayar da mai cin kashi 35 ya koma mai cin kashi 60 don ya ci uku a jere ya bi zuciyar 'yan kallo, ya bar fili.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurina. Wasan gaske yana da birki. Idan aka ci ka maki goma a jere, koci zai nemi a dakata, ya sauya tsaro, ya sa mutum biyu a kan wanda ke cutar da shi. Ɗan wasan da ya jefa shida babu ko ɗaya yakan daina, ya nemi kutsawa ƙarƙashin kwando ko ya miƙa wa wani. Ƙungiyar da ke gaba da 25 takan fitar da manyanta ta sa yara. Injin da ba shi da wannan hankali zai bar ɗan wasanka ya yi ta jifa har 17 yana cin biyu, kocin kwamfuta na kallo. A nan mai ƙorafi ya yi gaskiya, sai dai ya saka wa ciwon sunan da ba nasa ba. Ba sa'a ce ta yi yawa ba. Mutanen da ke cikin injin ne ba sa mayar da martani ga sa'ar.

Akwai kuma kuskuren ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika kuka da shi ba domin manya yake yi wa daɗi. Injin da ya matse sa'a har mai maki mafi yawa ke ci kusan kullum zai riƙa fitar da ƙungiyar da ba a doke ta ba duk bayan shekara biyu, abin da fili bai gani ba tun 1976. A gasar intanet, wanda ya riƙe ƙaramar jami'a zai gane ba shi da rabo, ya tattara ya tafi. Saint Peter's ta 2022, mai lamba 15, wadda ta fitar da Kentucky da Purdue ta kai zagayen 'yan takwas, ba za ta taɓa faruwa a irin wannan inji ba.

Sa'a makami ce a hannun koci

Koci-kocin gaske ba sa zama su jira sa'a, sarrafa ta suke yi. Wanda ya san an fi shi ƙarfi yakan rage gudun wasa domin yawan hare-hare ya ragu, tunda duk hari ɗaya da aka ƙara dama ce ga mai ƙarfi ya nuna ƙarfinsa. Yakan kuma yawaita jifan nesa, domin shi ne mai faɗin hawa da sauka. A 1985, shekarar ƙarshe kafin a sa agogon ƙayyade hari a gasar, Villanova mai lamba 8 ta riƙe ƙwallo ta yi jifa 28 kacal a wasan ƙarshe, ta ci 22, ta doke Georgetown 66 da 64. Princeton ta Pete Carril ta kusa kayar da Georgetown a 1989, aka tashi 50 da 49, sannan a 1996 ta fitar da UCLA mai riƙe da kofi 43 da 41. Virginia ta 2018 kuwa tana cikin masu jan wasa a hankali fiye da kowa a ƙasar, wato babba ce da ta zaɓi salon da ke taimakon ƙarami.

Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowane gem yanzu. Idan na riƙe ƙaramar ƙungiya na rage gudu na buɗe jifan nesa, damata ta kayar da babba tana ƙaruwa, ko da hakan na nufin wata rana a yi mini mummunan ci? Idan na riƙe babba na hanzarta wasa na tura ƙwallo ƙarƙashin kwando, ba-zata na raguwa? In amsar e ce, sa'ar da ke cikin gem ɗin ta zama wani ɓangare na dabara. In a'a ce, to caca ake yi da rigar ƙwallo.

Jarabar gyara lissafi don a faranta rai

Masu ƙera gem sun san ɗan Adam ba ya jin kaso yadda yake. Sid Meier, mai gem ɗin Civilization, ya ba da labari a wani taron masu ƙera gem a 2010 cewa masu gwaji kan fusata idan suka faɗi a yaƙin da aka nuna musu suna da rinjayen uku bisa ɗaya, alhali lissafi ya ce za su faɗi sau ɗaya cikin huɗu. Sai da aka karkata lissafin ya dace da abin da zuciya ke tsammani. Wasu daga cikin gema-geman Fire Emblem kuma suna zaro lamba biyu su raba tsakani, ta yadda abin da aka rubuta kashi 80 a zahiri ya haura 90. Ruwa ba ya tsami banza, haka muka taso muna ji, shi ya sa idan abu mai kaso 90 ya ƙi faruwa muke neman wanda ya sa hannu. Amma wanda ke da damar kashi 90 a kowane wasa, in ya buga goma, damar ya faɗi aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 65.

A gem ɗin yaƙi da kwamfuta wannan karkatarwa ba ta cutar da kowa. A gasar ƙwallon kwando ta intanet kuwa mutum ne a kowane ɓangare. Duk kason da aka ƙara wa babba don kada ransa ya ɓaci, daga aljihun ƙarami aka ciro shi. Kuma gem ɗin da ya ce shi madubin fili ne, ranar da ya fara gyara sakamako don a ji daɗi ya karya alƙawarin da aka saye shi dominsa. Ban yarda da wannan hanya ba ko kaɗan.

Abin da nake ganin mai ƙera gem ke bin masu bugawa bashi abu biyu ne. Na farko ya auna injinsa da kaka dubu, ba da wasa ɗaya ba, ya kuma fito da sakamakon kowa ya gani: sau nawa mai lamba 12 ya doke mai lamba 5, sau nawa aka kammala kaka ba faɗuwa, nawa ne faɗin tazarar maki. In sun yi kusa da na fili, gardama ta ragu. Na biyu ya yi bayani bayan wasa. Da gem ɗina ya nuna mini cewa daga cikin jifan da muka ɓarar yawancinsu babu mai tsaro a kusa, da na san tsarina daidai ne, rana ce ta ƙi. Da ya nuna mini an matse masu jifana ne saboda ba ni da mai kutsawa ciki, da na san aikin da ke gabana a kaka mai zuwa. Takardar da ta ce an jefa kaza an ci kaza kawai ba ta raba waɗannan biyun, kuma wanda bai san ko laifinsa ne ko ba nasa ba dole ya zargi injin.

Virginia ɗin da UMBC ta kunyata ta dawo gasar a 2019 da koci ɗaya, Tony Bennett, da mafi yawan 'yan wasanta, da salonta na jan wasa. A wasan farko wata mai lamba 16, Gardner-Webb, ta sha gabanta da maki 14 kafin ta farfaɗo. A zagayen 'yan takwas Purdue na gaba saura daƙiƙu, sai Mamadi Diakite, ɗan ƙasar Gini, ya jefa wadda ta shiga daidai da ƙarar agogo, aka tafi ƙarin lokaci Virginia ta ci 80 da 75. A wasan kusa da na ƙarshe Auburn na gaba da maki biyu, aka yi wa Kyle Guy na Virginia laifi a jifan nesa saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya ci jifan kyauta uku, aka tashi 63 da 62. A wasan ƙarshe ma sai da De'Andre Hunter, wanda karayar hannu ta hana shi buga wasan UMBC, ya ci jifan nesa ya farke saura daƙiƙa goma sha wani abu, sannan suka doke Texas Tech 85 da 77 a ƙarin lokaci. Injin da nake nema shi ne wanda zai iya fitar da kakar 2018 da ta 2019 daga wannan ƙungiya ɗaya, ba tare da an taɓa makin ko ɗan wasa ɗaya ba.